Kafin ka ƙara wa RAM gudu: kurakuran da ake ta maimaitawa

Kuskuren da ya fi yawa a wannan harka ba ma wuce gona da iri ba ne, rashin kunna gudun da aka saya ne gaba ɗaya. Mutum zai taso daga Agege ya shiga Computer Village a Ikeja, ya zaga Otigba ya sayi RAM da aka rubuta 3200 ko 3600 a jikinsa, ya biya kuɗin wannan lambar cif, ya dawo gida ya soka, kwamfuta ta tashi shikenan hankalinsa ya kwanta, alhali RAM ɗin yana tafiya ne a 2133 ko 2400. Haka RAM irin DDR4 yake, in ba ka ce masa komai ba zai tsaya a gudun da JEDEC, hukumar da ke sa ƙa'idojin RAM, ta tsara. Gyaran ba wuya, ka shiga BIOS, wato shafin setin madabod, ta danna Del ko F2 lokacin da kwamfutar take tashi, ka nemo XMP, setin da ke sa RAM ya yi gudun da aka rubuta a jikinsa, ka kunna. A wasu madabod na ASUS masu AMD sunansa DOCP, in kuma sabon tsarin AM5 ne da ya fito a 2022 za ka ga EXPO. In ka buɗe CPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kayan cikin kwamfuta, ka ga 1600 kar ka ce an cuce ka, rabi yake nunawa, 3200 ɗinka ke nan.

Amma fa ba kowace kwamfuta ce ke yarda ba. Yawancin laftof ba su da wannan zaɓin sam a BIOS ɗinsu, haka ma tsofaffin kwamfutocin ofis na tokunbo. A ɓangaren Intel, madabod irin H410 da B460 a kulle suke, sai da B560 ya zo aka buɗe wa masu matsakaicin kuɗi. Ka duba naka kafin ka sayi RAM mai tsada.

Sai maganar ramin da ake soka RAM. Madabod mai rami huɗu, RAM guda biyu, mutane sai su jera su kusa da juna, to ka rasa rabin hanyar da bayanai ke bi ke nan. A mafi yawansu rami na biyu da na huɗu ne in ka ƙirga daga firosesa, wato A2 da B2, kuma an rubuta a jikin madabod ɗin da ƙananan haruffa, ka haska da wayarka za ka gani.

Abin da ya fi damuna shi ne haɗe-haɗe. Na san halin da ake ciki, kuɗi ba sa isa lokaci ɗaya, sai ka sayi 8GB yau, bayan wata uku ka ƙaro wani 8GB, kamfani ɗaya, lamba ɗaya, launi ɗaya, kai a ganinka tagwaye ne. Wallahi ba lallai ba. Ƙananan baƙaƙen cif ɗin da ke ciki ɗaya zai iya zama na Samsung ɗaya na Hynix ko Micron, kuma lambobin XMP da kake gani an gwada su ne a kan biyun da aka sayar tare a kwali ɗaya, ba kan wanda ka haɗa da kanka ba. Wani lokacin su zauna lafiya, wani lokacin kana kunna XMP sikirin ya yi baƙi ƙirin. In ka riga ka haɗa, ka sauke gudun mataki ɗaya, daga 3200 zuwa 3000 ko 2933, yawanci a nan suke daidaitawa. In ba ka saya ba tukuna gara ka yi haƙuri ka tara ka ɗauki biyu a kwali ɗaya. Cika rami huɗu ma yana ƙara wa firosesa nauyi, musamman a DDR5.

Akwai kuma masu bin babbar lamba ido rufe. Gudu kaɗai ba ya faɗa maka komai sai ka haɗa da CL, wato jinkirin da RAM ke yi kafin ya amsa. Lissafin mai sauƙi ne, ka ninka CL sau 2000 ka raba da gudun. 3200 CL16 zai ba ka nanosakan 10, 3600 CL18 shi ma 10 ɗin ne, amma 3600 CL16 ya sauko wajen 8.9. A firosesan AMD na Ryzen 3000 da 5000 akwai wani agogo da ake kira FCLK da ke son tafiya kafaɗa da kafaɗa da RAM, 1800 ya yi daidai da 3600, in ka tura RAM zuwa 4000 shi kuma FCLK ya kasa bi, sai jinkiri ya ƙaru, ka ga lamba ta hau amma gem ɗinka bai ji komai ba ko ma ya ja baya. A Ryzen 7000, wajen 6000 ne yawancin mutane ke tsayawa.

Foltej kuwa, dan Allah a bi a hankali. DDR4 asalinsa 1.2V ne, XMP yakan kai shi 1.35V, DDR5 kuma daga 1.1V yake farawa. Kar ka kwafo lambar wani da ka gani a YouTube, cif ɗinsa daban da naka, ɗakinsa ma daban. A 2023 wasu firosesa na Ryzen 7000X3D sun ƙone saboda foltej ɗin SoC, ɓangaren firosesa da ke kula da RAM, ya yi yawa, har AMD ta ƙayyade shi a 1.3V ta sabon BIOS. In kana da irin wannan tsarin ka sabunta BIOS, amma kar ka kuskura ka fara sai da UPS ko inbata mai caji, don in aka ɗauke wuta ana tsaka da rubutawa madabod ɗin zai iya ƙin tashi kwata-kwata.

Yanzu babbar maganar, wadda ita ce dalilin wannan rubutun: tashin Windows ba shaida ba ce cewa setin ya zauna. RAM da bai daidaita ba ba kullum yake kawo shuɗin sikirin nan da Windows ke nunawa in ta faɗi ba, wani lokacin shiru zai riƙa lalata fayil, ka yi editin bidiyon biki na awa biyu ka fitar, ka kai wa mai shi ya ƙi buɗewa, ko Windows ta fara wasu halaye bayan sati biyu ka zaci bairos ne. Ka sa MemTest86, manhajar gwajin RAM, a filash ka bar shi ya gama zagayensa huɗu, sannan ka bi da TestMem5 ko OCCT a cikin Windows. Kuskure ɗaya tak ya fito, setin bai yi ba, babu wani "ai ɗaya ne kawai". Kuma mu a Legas sai mun ƙara da zafi, RAM yana fara kuskure in ya ɗau zafi, don haka gwajin da ka yi da asuba ko a shago mai AC ba zai gaya maka abin da zai faru da ƙarfe biyun rana a watan Maris ba, ɗaki rufe, katin girafik na hura masa iska mai zafi. Ka gwada a lokacin da kake aiki da ita, da murfin a rufe, ka share ƙura, in da hali ka sa ƙaramar fanka tana kallon RAM ɗin.

In ka canza abu ta ƙi tashi, kar ka ruɗe ka ɗauke ta a keke zuwa wajen mai gyara. DDR5 yakan ɗauki 'yan mintuna sikirin baƙi yana daidaita kansa, ka ba shi lokaci tukuna. In shiru ya yi yawa ka zare wayar wuta, ka cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, ka jira minti biyar ka mayar, BIOS zai koma yadda ya zo. Daga nan ka riƙa canza abu ɗaya kawai a lokaci guda, kana rubuta kowace lamba a takarda, don in ka taɓa gudu da CL da foltej tare ba yadda za a yi ka gane wanne ne ya jawo matsalar.