Kurakuran da Sababbin Maharba ke Yi Wajen Neman Ƙaramar Bindigar Gasa a Jamus

Tun da hoton Baturken nan Yusuf Dikeç ya zagaye duniya a gasar Olamfik ta Paris a 2024, hannu ɗaya a aljihu, da tabaraunsa na yau da kullum, ya kuma tafi da lambar azurfa a harbin mita 10, 'yan'uwanmu mazauna Jamus suke ta kirana. Tambayar kullum ɗaya ce: ina za a samu bindiga kaza da sauƙin kuɗi? Bakina ya gaji da maimaita amsa, shi ya sa na zauna na rubuta. Maganar da nake yi ta bindigar wasa ce, wadda ake harba wa takarda a kulob ɗin maharba bisa dokokin ISSF, hukumar wasan harbi ta duniya, ba ta wani abu daban ba.

Abin da na lura shi ne sabon shiga yana riƙe sunan bindiga tun kafin ya taɓa riƙe ƙotarta. Ya karanta cewa Hämmerli 208 ba ta da na biyu, ko wani dattijo ya yabi TOZ-35, ko ya ji an ce IZH-35M ta Rasha tana yin aikin mai tsada a rabin kuɗi. Duk ba ƙarya aka faɗa masa ba. Abin da ba a faɗa masa ba shi ne dalilin da ya sa suke wuyar samu. Hämmerli 208 an daina ƙera ta da daɗewa, shi kansa sunan Hämmerli ya koma hannun masu kamfanin Walther tun 2006. Su kuwa na Rasha, takunkumin da aka fara sa wa ƙasar a 2014, wanda ya tsananta a 2022, ya toshe hanyar shigowar sababbi da kayan gyaransu. TOZ-35 ta harbin mita 50 ce, wanda aka cire daga Olamfik bayan gasar Rio ta 2016. Hanyar da ta hana bindigar zuwa kasuwa ita ce za ta hana ka samun ɗan ƙarfen da ya karye a cikinta. Wata rana allurar da ke dukan harsashi za ta tsage, ka wayi gari kana roƙon mutanen da ba ka sani ba a intanet ko akwai mai ragowa a aljihun tebur. Kafin na taya kowace tsohuwar bindiga, sai na kira mai gyaran da kulob ɗinmu ke hulɗa da shi na tambaye shi abu ɗaya: in ta lalace, za ka taɓa ta? In na ji ya yi jim, na haƙura.

Yanzu ga wanda ya fi ƙona mini rai, wato tukunyar iska.

Bindigar mita 10 ba ta amfani da albarushi. Ƙwayar darma mai faɗin milimita 4.5 take harbawa da ƙarfin iskar da aka matse a wata siririyar tukunya da ke ƙarƙashin bututun, galibi har ma'aunin bar 200. A jikin kowace tukunya akwai ranar da aka ƙera ta, kuma shekara 10 aka ba ta. In ta wuce haka, masu duba kaya a wurin gasa za su mayar da kai, ko da tana ƙyalli kamar jiya aka saye ta. Wannan ba ɓoyayyen ilimi ba ne, amma duk wanda ya zo mini da murnar ya yi tsintuwa, in na juya tukunyar na duba, sai na ga ta mutu tun shekarun baya.

Ni ma an taɓa shafa mini ita. Wani mutum ya tallata bindiga mai kyau, har da tukunya biyu da akwati, a farashin da ya sa na yi ta sauri kada wani ya riga ni. Hotunansa goma sha wani abu, babu ko ɗaya da ya nuna gefen da aka buga ranar. Da kaya suka iso, dukkan tukwanen biyu sun wuce wa'adi. Na rubuta masa, ya ce ai ban tambaya ba. Ya san abin da yake yi, don mutumin da ya yi shekaru yana shiga gasa ba zai ce bai san wannan doka ba. Sabuwar tukunya takan ci wajen Yuro 150 ko fiye, kuma ta tsohon samfuri sai an yi odarta an jira. Kakar gasar kulob ta wuce ina harbi da bindigar aro, tawa tana kwance a akwati. Da na haɗa lissafi, abin da na kashe ya kusa kai kuɗin wadda wani dillali ya yi mini tayi da garanti, na raina. Araha ba ta ado.

Saboda haka, ɗan'uwa, kada ka tura ko sisi sai ka ga hoton ranar da idonka. Ba "ai sabuwa ce" ba, ba "ban daɗe da saya ba". Hoto. In shekara biyu ta rage mata, cire kuɗin sabuwar tukunya daga farashin, ka faɗa masa dalili kai tsaye. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya. Wanda ya fara kame-kame, ka bar masa kayansa. Kuma don Allah a daina wannan wayon na cewa "ai horo kawai zan yi da ita, ba gasa ba". Ƙarfe ne da aka yi ta cikawa ana saukewa shekara da shekaru, a kusa da fuskarka yake, a kusa da fuskar wanda ke tsaye gefenka kuma. Kulob da yawa ma ba za su bari ka cika ta a injinsu ba.

Tsofaffin bindigogi masu amfani da iskar CO2 kuwa, suna harbi lafiya, amma ƙarfinsu na bin zafi da sanyin ɗaki, ga wahalar cikawa. In ba kyauta aka ba ka ba, wuce.

Akwai wani tarko da ya fi kama masu sha'awar harbin gaggawa na mita 25, wanda ake harbin allo biyar cikin daƙiƙa 8, sannan 6, sannan 4. Za ka ga Walther OSP ko makamanciyarta a gwanjo da farashin da zai sa ka ɗauka mai ita bai san darajarta ba. Ya sani sarai. A 2005 ISSF ta canza doka: aka daina karɓar gajeren harsashin .22 Short a wannan gasa, aka koma .22 LR wanda ya fi shi tsawo, aka ce kunama sai ta ɗauki nauyin giram 1,000 kafin ta saki, aka kuma hana ƙotar da ke naɗe hannu gaba ɗaya. Dare ɗaya bindigogin da suka ci lambobi a duniya suka zama kayan ajiya. Kafin ka sayi kowace iri, buɗe littafin dokar gasar da kake son shiga. Ta iska kunamarta ba ta kasa giram 500, nauyinta ba ya wuce giram 1,500, kuma dole ta shige akwatin awo mai milimita 420 da 200 da 50. Ta mita 25 akwatinta 300 da 150 da 50 ne, nauyinta ba ya wuce giram 1,400.

Wannan lamba ta 50 ita ta kawo ni kan ƙota, wani kuskure da nake yawan faɗa a kai. Ƙotar bindigar gasa kamar takalmi take: akwai ƙarama, akwai matsakaiciya, akwai babba, akwai ta bahago, kuma in ba ta zauna maka ba babu yadda za ka yi da ita. Zoben maki 10 a allon mita 10 faɗinsa milimita 11.5 ne kacal, kuma harbi 60 za ka yi da hannu ɗaya a miƙe. Ƙotar da ta yi maka yawa za ta sa yatsanka ya taɓa kunama a karkace, ƙwaya ta riƙa zamewa gefe, kai kuma kana zargin bututu ko idonka. Bindigar hannu-biyu, wato wadda wani ya riga ya yi amfani da ita, tana zuwa da tarihin mai ita a jikin katakon: ya goge nan da magagari, ya liƙa ƙullun katako can, duk don tafinsa, ba naka ba. Wani ma ya yi ta ƙari har ta ƙi shiga akwatin awo. Sabuwar ƙota daga wurin ƙwararrun masu sassaƙa irin su Rink tana cin Yuro ɗari biyu ko fiye. Mutane na ganin hoto su ce "ƙota ce kawai, zan saba". Ba za ka saba ba, harbinka ne zai lalace ya bi ta. Ni dai al'adata, ba na sayen abin da ban riƙe ba. In mai ita yana Hambog ina kudu, sai na nemi wani a kulob mai irin samfurin da girman ƙotar na ɗana tukuna. Wasu abokaina na ganin tsanani ne, suna saye su gyara da kansu, kuma wasunsu suna dacewa. Ni hannuna bai iya sassaƙa ba.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo. Bindigar iska da ba ta wuce jul 7.5 a ma'aunin ƙarfin harbi ba, duk wanda ya kai shekara 18 zai iya saya a Jamus ba tare da lasisi ba, muddin tana ɗauke da harafin F a cikin zane mai kusurwa biyar. Wanda ya hango mai araha a wata ƙasar Turai ya yi oda, ta zo babu wannan tambari, ya jawo wa kansa magana da hukuma, ko da ƙarfinta bai kai ba.

Mai harsashi kuwa sai da katin mallaka da ake kira WBK, shi kuma sai ka cika wata 12 a kulob kana zuwa horo a kai a kai, ko dai sau ɗaya kowane wata ko sau 18 a shekara, ka ci jarrabawar sanin makami, ka tanadi akwatin ƙarfen ajiya irin wanda doka ta yarda da shi. Duk da haka ina ganin mutum da wata uku a kulob yana ba da kafin alƙalami wai a ajiye masa bindigar Pardini. Wa zai jira ka wata tara? Ko kuɗinka ya maƙale, ko zumunci ya ɓaci. Akasin haka ma yana faruwa: izinin saye da ake rubutawa a katin shekara ɗaya yake yi, sai mutum ya tsaya jiran wadda ba ta samuwa har ya ƙare. Bayan saye kuma mako biyu gare ka ka sanar da hukuma, kada ka manta.

Duk tallan da farashinsa ya faɗo ƙasa da hankali, mai shi yana gaggawa, ba ya yarda a haɗu, sai dai a tura kuɗi wani asusu a wata ƙasa, ɓarawo ne. Kada ka tura masa hoton katinka ma, da shi zai je ya damfari wani.

To mene ne farashin adalci? Sabuwar ta iska daga manyan gidaje, Steyr na Ostiriya, Morini na Suwizalan, Feinwerkbau da Walther na Jamus, Pardini na Italiya, tana kaiwa wajen Yuro 2,000 ko sama. Ta hannu-biyu ba ta da tsayayyen farashi, kuma kuɗin da mai talla ya rubuta fatansa ne kawai. Abin da nake yi, ina bin gwanjon intanet na shafin eGun na wasu watanni ina rubuta kuɗin da aka sallama a ƙarshe, ba wanda aka nema ba. Daga nan sai na ɗora kuɗin tukunya, da ƙota, da dubawar mai gyara, in ga ko har yanzu akwai riba a kan sabuwa mai garanti. Sau da yawa babu.

Mafi kyawun ciniki da na gani ba a intanet aka yi shi ba. A allon sanarwa na kulob ne, ko a wurin shan kofi bayan horo. Dattijon da kafaɗarsa ta gaji, ya yanke shawarar ajiye harbi, ya fi son bindigarsa ta koma hannun wanda yake gani duk mako fiye da baƙon da zai ƙara masa Yuro hamsin. Zai bar ka ka harba ta sau da yawa kafin ka biya, zai gaya maka aibinta, wani lokaci ya haɗa maka da kayan gyaran da ya tara. Amma sai an san fuskarka, kuma fuska ba ta sanuwa a wata biyu. Kulob na da bindigogin aro, ka yi shekararka ta farko da su. In kuɗi na maka ƙaiƙayi, Hämmerli AP20 ta ishi sabon shiga har ya wuce matakin da bindiga ce ke rage masa maki.

Masu tambayata ko za su iya saye su tafi da ita gida hutu kuma, amsar a'a ce. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa ƙaramar bindiga mai harsashi cikin jerin waɗanda aka haramta sai da izinin shugaban ƙasa, ita ma ta iska sai da lasisin 'yan sanda. Katin Jamus ba ya aiki a filin jirgin Kano, kuma fitar da makamin daga Jamus ɗin ma yana da nasa takardun daban.