Yadda Za Ka San Halin da Rijiyarka Ke Ciki

Rijiya ba ta ƙafewa dare ɗaya. Ruwan yakan yi ta ja da baya ne, taƙi guda bana, kamu guda baɗi, mai ita bai ankara ba sai ranar da guga ya fito da laka. Shi ya sa na ware ɗan littafi musamman don tawa rijiyar, kuma aikin bai fi ƙarfin kowa ba.

Fara da yin alama a bakin rijiyar, da fenti ko ka kafa ƙusa a jikin simintin. Daga wannan alamar za ka riƙa awo a kowane karo. In yau ka auna ta gabas gobe ta yamma, lissafin ya ɓaci. Nemi igiya wadda ba ta miƙewa, ka ɗaura mata ƙaramin gwangwani mai ɗan nauyi, bakinsa na kallon ƙasa. Zura shi a hankali. Da ya taɓa ruwa za ka ji “ɓul”. Damƙe igiyar daidai alamar, jawo ta, ka gwada tsawonta da tef. Idan zurfin ya yi yawa har ba ka jin ƙarar, shafa alli a mita ɗaya ta ƙarshen tef na ƙarfe, ka zura, ka debe tsawon wurin da ya jiƙe daga abin da ka karanta a sama.

Da sassafe ake wannan awo, kafin kowa ya jefa guga. Na yamma yawan ɗiban da aka yi kawai yake nuna maka. Sau ɗaya a mako ya wadatar. Rubuta kwanan wata da zurfin, da ko an yi ruwan sama. Kada ka ta da hankalinka don ruwa ya sauka da rani, haka ya saba. Ƙarshen ranin bana za ka kwatanta da ƙarshen ranin bara. Idan shekara biyu ko uku a jere yana ƙara nutsewa, to ana ɗiba fiye da abin da damina ke mayarwa.

Ƙarfin idon rijiya kuwa, ga yadda nake gane shi. Rijiya mai faɗin mita ɗaya tana ɗaukar kusan lita 785 a kowace mita ta zurfi. Bayan an yi ɗiba mai yawa, auna, ka dakata awa ɗaya, ka sake aunawa. In ruwan ya hau santimita 10, kusan lita 78 ke nan ya shigo a awa. A rijiyar burtsatse abin ya fi sauƙi: tara bokiti mai lita 20 a bakin famfo, ka duba agogo. Ko kusa kada ka shiga rijiya don awo, iskar ƙasanta kan rasa abin shaƙa, mutum ya sume kafin ya yi ihu.

Saura tsabta, inda aka fi yaudarar kai. Ido da hanci suna kama wasu abubuwa: ruwa ya yi duhu bayan ruwan sama, alamar na waje na malalawa ciki, ja-ja a jikin farin tufafi, ƙarfe ya yi yawa, zartsi a baki, gishiri. Amma ruwa na iya zama garau alhali yana ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke fitowa daga bahaya. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, bai kamata a samu ƙwayar E. coli, mai nuna bahaya ya shiga ruwa, ko ɗaya a mililita 100 na ruwan sha ba. Naitiret, sinadarin da takin zamani da masai ke kawowa, kada ya wuce miligiram 50 a lita, fuloraid kuma, sinadarin da yawansa ke ɓata haƙora, miligiram 1.5. Ɗakin gwaje-gwaje ne kaɗai zai faɗa maka waɗannan.

Kai ruwan sau ɗaya a shekara, da kuma bayan ambaliya ko yasar rijiya. Karɓo kwalbar a wurinsu, kada yatsanka ya taɓa cikin murfin, sa ta cikin ƙanƙara, ka kai cikin awa 6 in da hali, kada dai ta wuce 24. Auna kuma tazarar masai da rijiyar. Mita 30 ake so aƙalla.

Idan sakamako ya nuna naitiret ya haura, kada a haɗa wa jariri madara da ruwan, ko da an tafasa. Tafasawa na kashe ƙwayoyin cuta, amma naitiret ƙara taruwa yake yi in ruwa ya ƙone. A nemo wa jaririn wani ruwan daban har sai an gano ta inda yake shigowa.