Ga mai niyyar sayen tsohuwar a-kori-kura mai shan dizal a Winifeg

Hunturu uku ke nan a jere ana buga mini waya kafin sallar Asuba, wani ɗan'uwa sabon zuwa yana tsaye a filin ajiye motoci yana karkarwa, a-kori-kurarsa ta ƙi tashi ga shi ana jiransa wurin aiki ƙarfe 7. Nakan je idan da hali, domin haka aka yi mini lokacin da na iso, kuma jama'armu a garin nan ba ta barin nata a cikin ƙanƙara. Amma na gaji da ganin mutum ya zuba kuɗin da ya yi wata shida yana tarawa a kan tsohuwar motar dizal, don kawai a Kano ko Maraɗi an san injin da juriya, bai tambayi kowa abin da watan Janairun Manitoba, lardin Kanada da birnin Winifeg yake cikinsa, ke yi wa wannan injin ba.

Maganar takardu ba ta da wuya. Rajista da inshora duk a hannun MPI suke, wato hukumar inshorar motoci ta gwamnatin Manitoba, kuma za a nemi takardar shaidar duba lafiyar motar, wadda burki da fitilu da sitiyari take dubawa, ba ruwanta da ko injin zai tashi da sanyin safiya. A gidan mai kuma ka kiyaye bakinka, domin abin da muke kira gas a gida shi ne dizal, amma a Kanada idan ka ce gas fetur kake nufi.

Injin dizal ba shi da filogin da ke ba da tartsatsi. Iska yake matsewa har ta yi zafin da mai zai kama da kansa. Idan sanyi ya kai digiri 30 ƙasa da sifili, ƙarfen injin yana shanye wannan zafin kafin man ya kama, shi ya sa aka sa masa filogin ɗumama. Ford mai inji 7.3, irin wadda na saya, guda 8 gare ta, Dodge mai injin Cummins kuwa hita ce take ɗumama iskar da ke shiga. Ka murɗa makulli ka jira fitilar da ke gaban sitiyari ta mutu kafin ka ba ta wuta, sannan ka sa wani ya tsaya yana kallon salansa. Idan farin hayaƙi mai warin ɗanyen mai yana fita, mai yana isa amma babu zafi, sai a duba filogin da na'urar da ke ba su wuta. Idan babu hayaƙi ko kaɗan, mai ne ba ya zuwa, kuma galibi ya daskare ne: dizal na bazara yana da kakin da sanyi ke kafar da shi ya toshe filta. Gidajen mai suna canza shi zuwa na hunturu, amma wanda ya cika tanki a watan Satumba ya ajiye mota, da na bazara zai shiga Disamba.

Baƙin mai 15W-40 yakan koma kamar zuma, don haka a canza shi da 5W-40 tun kafin ƙanƙara ta sauka, musamman a 7.3 wadda da ƙarfin baƙin mai take tura dizal cikin inji. Batir biyu motar take da su, kuma tare ake canza su. Kada a kuskura a zuba tsurar ruwa a lagireto kamar yadda muka saba, domin zai daskare ya tsaga injin.

Abin da ya ci ni kuwa ba a cikin motar yake ba. Za ka ga wata 'yar waya tana reto a gaban kusan kowace mota a Winifeg. Ta hitar da ke cikin jikin injin ce, wadda ake jonawa da lantarki awa 3 zuwa 4 kafin fita. Tsohon injin dizal a wannan ƙasa da ita ya dogara. Lokacin da na kama haya na ga ginshiƙi mai soket a gaban wurin da aka ba ni, na kuma amince da ƙarin kuɗi kowane wata, ban karanta abin da yarjejeniyar ta ce a kai ba. Kullum da dare ina jona waya in hau sama da kwanciyar hankali. Wata safiya a tsakiyar Janairu motar ta yi ƙugi sau biyu ta yi shiru. Na sayi sababbin batura, washegari na dinga murɗa makulli ba hutu har sitata ta ƙone, na biya mai janwe, na biya bakanike, aka gyara a gareji mai ɗumi inda ta tashi bugu ɗaya, na dawo da ita gida, da gari ya waye ta sake ƙi.

Wani dattijo maƙwabcina, wanda ya kwana uku yana kallona ta taga, shi ne ya sauko da ƙaramar fitilar gefen gado ya jona a soket ɗin. Ba ta kama ba. Ashe hitar motata tana jan kusan wat 1,000, layin kuma da wasu motoci muke raba shi, sai madannin kariya ya katse wutar tun farkon Disamba ba wanda ya mayar. Da na sami mai gidan, sai ya buɗe yarjejeniyar ya nuna mini da yatsa cewa wurin ajiye mota aka rubuta, ba a ambaci lantarki ba. Mako uku muna kai-komo, yau ya ce mai gyara yana zuwa, gobe ya ce motar tawa ce ta fi ƙarfin layin. A titi ma ba dama, tunda babu soket, kuma a wasu titunan an hana ajiye mota daga ƙarfe 2 na dare zuwa 7 na safe a lokacin hunturu. A waɗannan makonni nakan kwance batura biyun kowane dare da yatsun da ba na jin su, in hau da su bene hawa na uku in ajiye kusa da takalman yara, da asuba in sauko da su. Sai da na daina roƙo da baki, na rubuta masa wasiƙa mai kwanan wata, na ambaci ofishin lardi da ke shiga tsakanin masu haya da masu gidaje, sannan aka zo aka gyara.

Saboda haka, kafin ka sa hannu a kan haya, ka je da fitila ko cajar waya ka gwada soket ɗin da kanka, ka tambaya ko wutar tana nan dare da rana ko ana ɗauke ta lokaci-lokaci, domin wasu filayen haka aka tsara su, kuma ka sa a rubuta lantarkin a cikin yarjejeniyar. Ka sayi wayar jonawa ta waje wadda bakinta ke haske idan da wuta, kuma bayan ka jona ka kasa kunne kusa da injin, sau da yawa za ka ji hitar tana ɗan huci.

Cikin gaggawa 'yan'uwa suna yin abubuwan da ke ba ni tsoro. Na taɓa iske wani yana shirin tura kaskon gawayi ƙarƙashin tanki, wani kuma yana fesa maganin tayar da inji a motar da ke da filogin ɗumama, alhali yana iya fashewa a cikin injin. Wanda ya samu gareji kada ya bar mota tana aiki ƙofa a rufe, hayaƙin yana kisa. Idan ka ba ta wuta daƙiƙa 15 ba ta tashi ba, ka saki makulli ka bar sitata ta huce minti ɗaya ko biyu.

Wanda bai riga ya saya ba, ya nemi mai motar ya bar ta ta kwana a waje, ya je da sassafe ya ɗora hannu a kan injin ya tabbatar da sanyi yake kafin a tayar da ita a gabansa. Tawa a watan Satumba na saye ta, da rana tsaka, kuma lokacin da na isa mai ita ya riga ya tayar da ita yana jirana a bakin ƙofa.