Yadda Ake Wasan Golf na Faifai a Gajeren Filin Daji Bisa Tsauni

Golf na faifai wasa ne da ake jefa faifan roba har ya shiga wani kwando mai sarƙoƙi. Saboda yawan masu tambayar yadda ake yin sa, ga matakan a jere:

1. Ka sanya takalmi mai kama ƙasa.
2. Ka zaɓi faifai mai launi mai haske, domin a cikin ganye mai launi duhu-duhu yakan ɓata.
3. Ka hango kwandon mai sarƙoƙi kafin jifa.
4. Ka saita rata ɗaya tsakanin bishiyoyi, ka jefa ƙasa-ƙasa.

Hattara: a nan aka fi kuskure, domin faifan da aka jefa da ƙarfi ya faɗi a gefensa yakan gangara har ƙasan tudu.

5. Ka sake jifa daga inda faifan ya tsaya.
6. Idan nisan kwando bai wuce mita 10 ba, bayan jifa kada ka tsallake wurin da ka yi jifan kafin ka daidaita tsayuwarka.
7. Ka rubuta yawan jifanka. Mai mafi ƙaranci ne ke cin wasa.