Yadda za ku samu ruwan zafi da ɗumin ɗaki a lokacin hunturu ba tare da kuɗin itace da na wuta sun cinye ku ba

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu kowa ya san yadda ake, iska ta taso daga arewa maso gabas da hazo, da asuba a Kano ko Damagaram sanyi ya kan sauka wajen digiri 12 zuwa 14, mutanen Jos kuma nasu yana iya yin ƙasa da 10, ka taɓa ruwan randa ka ji kamar ƙanƙara. To a nan ne kuɗi suke tafiya, itace, gawayi, gas, yunit ɗin mita. Ni abin da na lura a gidanmu shi ne yawancin zafin da muke saya ba ya kaiwa jikinmu, a hanya yake guduwa, ta gefen tukunya, ta bakin bokitin da ba murfi, ta ƙarƙashin ƙofa. Don haka kafin a ce a sayi wani sabon abu a fara toshe waɗannan hanyoyin.

Ku fara da ruwan wanka don shi ya fi cin kuɗi. Bokiti mai lita 20 ba sai an tafasa shi duka ba, wanka mai daɗi digiri 40 ne ko kusa da haka. Idan ruwan randa yana kan 15, tafasasshen ruwa lita 6 kacal za ku zuba a kan lita 14 na sanyi, shikenan an samu. Amma mu me muke yi? A cika babbar tukunya fal a hura mata wuta har ta tafasa, mutum ɗaya ya ɗiba ya sirka, sauran ya zauna a buɗe ya huce, mai tashi a makare ya zo a sake hura wata wutar. Ku ƙidaya masu wanka, ku auna lita 6 kowane mutum, a yi wankan a jere, kuma dan Allah a rufe tukunya da murfi, tururin nan da kuke gani yana tashi itacenku ne yake tafiya sama.

Mataki na biyu kuma wanda na fi so, a saka rana aiki. A ƙasar Hausa fili mai faɗin mita ɗaya tsawon mita ɗaya yana karɓar zafin rana da ya kai wajen yunit 5 zuwa 6 na lantarki a wuni, alhali ɗumama lita 20 daga digiri 15 zuwa 45 bai wuce yunit 0.7 ba. Kun ga ko da hazo ya rage ƙarfinta akwai rara sosai. Ku nemi jarka mai lita 20 ko 25, ta man gyaɗa da aka wanke tas, banda wadda ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi ko da an ce muku an wanke. A shafa mata baƙin fenti marar ƙyalli, in baƙa ce dama an huta. Sai a samu kwali babba ko akwatin katako da ya ɗan fi ta girma, a shimfiɗa tsumma ko buntun shinkafa ko tsohon soson katifa a ƙasa da gefuna, a kwantar da jarkar a ciki ta yadda faffaɗan gefenta zai kalli sama, a rufe bakin akwatin da farar leda mai kauri wadda ake hango abu ta ciki, ko tsohon gilashin taga in akwai. Wannan rufin shi ne sirrin, idan babu shi iskar hunturu tana kwashe zafin yadda yake shiga, shi ya sa masu ajiye bokiti a tsakar gida haka kawai suke cewa abin ba ya yi. A ɗan jingina akwatin ya fuskanci kudu, don a watannin sanyi rana ta kudu take karkata. A cika da ƙarfe 9 na safe, zuwa la'asar ku sa hannu ku ji, wani lokacin sai an sirka.

Masu tanki a sama suna iya yin na tiyo. Baƙin tiyo mai faɗin inci uku bisa huɗu, tsawon mita 50, yana ɗaukar wajen lita 14, a naɗe shi kamar faifai a kan rufin kwano, baki ɗaya a tanki ɗaya a banɗaki da famfo. Sai dai a yi hankali da yara, ruwan farko da ke fitowa da tsakar rana yana iya ƙona fata. Ruwan jarka da na tiyo duka na wanka da wanke-wanke ne, ba na sha ba, kuma kar a bar shi ya yi kwanaki da ɗumi a ciki, a juye a sake sabo kullum.

Za ku ce to ai da asuba ake buƙatar ruwan ba da la'asar ba. Gaskiya ne, kuma hanya biyu ce. Yara a mayar da wankansu yamma, da safe a wanke musu fuska da hannu da ƙafa a shafa mai su tafi makaranta, ya ma fi musu sauƙin kaushi. Na manya kuma kafin rana ta faɗi a ɗauke jarkar a shigar da ita ɗaki a naɗe da tsohon bargo biyu, ko a juye ruwan a babbar kula ta abincin biki a rufe. Da asuba ba zai yi zafi sosai ba amma da ɗumi, lita 2 ko 3 na tafasasshe ya ishe shi. Na alwala kuma filas ya wadatar, a cika shi da dare da ragowar garwashin tuwo, wutar da dama mutuwa za ta yi a banza.

Sai murhu. Murhun duwatsu uku a fili kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na zafin itacen kawai yake kai wa tukunya, saura duk iska. Gyaran ba wuya, a kwaɓa laka da kashin shanu ko ƙaiƙayi a zagaye duwatsun, a bar ƙofa ɗaya ta saka itace wadda ba ta kallon inda iska ke fitowa, bangon ya taso ya rungumi tukunya da ɗan tazara kamar kaurin yatsa don harshen wuta ya bi jikinta. A Nijar an daɗe da sanin wannan, akwai murhun laka Albarka da na ƙarfe Mai Sauƙi, a Najeriya kuma akwai Save80 mai aiki da ƙananan ƙirare. Itacen ya zama busasshe an faskara shi ƙanana, ɗanye yana ɓata ƙarfinsa wajen ƙone ruwan jikinsa ga hayaƙi a idon mai girki. Gidan da ake wankan jego su suka fi kowa buƙatar wannan gyaran, kwana 40 ana dafa ruwa safe da yamma ba ƙaramin itace ba ne, kuma duk wanda ya ga motocin itace da buhunan gawayi da ke shigowa birni kullum ya san daga wane daji ake sarowa. Abin yana damuna wlh.

Masu lantarki ku ma ku yi lissafi. Tun Afrilun 2024 da aka kai ƴan Band A a Najeriya, wato rukunin da ya fi samun wuta a rana, sama da naira 200 kowane yunit, hitar ɗaki mai wat 2000 in ta kwana awa 8 ta sha yunit 16, sama da naira 3,200 ke nan a dare ɗaya, a wata kusan dubu 100. Hitar bango ta banɗaki kar a bar ta a kunne wuni da kwana, a kunna kamar minti 30 kafin wanka a kashe, a saita ta a digiri 60. Hitar sakawa a bokiti kuma a zare daga soket kafin a taɓa ruwan, kullum, ba wai wani lokaci ba, kuma a hana yara zuwa wurin.

Yanzu ɗumin ɗaki. Tsofaffin ɗakunan ƙasa masu rufin soro suna shan rana wuni su saki ɗumin da dare, ginin bulo da kwano kuwa rana na faɗuwa ya huce. In ba silin a yi ƙoƙari a saka ko na tabarma ne ko kwali, zai yi amfani har lokacin bazara. Da rana a ɗage labulen tagar da rana ke shigowa, kafin magariba a rufe komai, a rataya labule mai kauri ko tsohon bargo a tagogin arewa da gabas, a cusa tsumma a naɗe a ƙarƙashin ƙofa, a toshe ramukan firam. Siminti da tayil suna zuƙe ɗumin jiki, a shimfiɗa kwali sannan tabarma ko darduma a kai, musamman inda yara ke kwana a ƙasa. Hular sanyi da safa, da riga biyu marasa nauyi sun fi ɗaya mai kauri. Don ɗumama shimfiɗa a zuba ruwa mai zafi, ba tafasasshe ba, a gora mai ƙwari a ɗaure murfin sosai a naɗe da zani a saka cikin bargo kafin a kwanta, amma kar a manna ta a jikin jariri ko mai ciwon suga da ƙafarsa ba ta jin zafi.

Abu ɗaya da nake roƙonku da girman Allah, kar a kwana da kaskon gawayi a ɗakin da aka rufe, balle yanzu da na ce a toshe kafofi. Garwashi yana fitar da wata iska mai guba, kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, ko hayaƙi ya ɗauke tana nan tana fita, mai barci kuma ba ta tashinsa. In za a ji ɗumi a ji a tsakar gida ko a zaure mai buɗaɗɗiyar ƙofa, lokacin kwanciya a fitar da kaskon waje a kashe. Haka janareta a baranda kusa da taga, haka kunna gas don ɗaki ya yi ɗumi. Idan mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai da jiri da tashin zuciya lokaci guda, a buɗe ƙofa da tagogi a fitar da kowa waje a nufi asibiti, a kuma faɗa wa likita cewa an kwana da gawayi.