Yadda Maƙerin Fari Zai Haɗa Azurfa da Katantanwar Paua

Paua katantanwa ce ta teku da ake samu a gaɓar ƙasar Niyu Zilan, cikinta na ƙyalli da launin shuɗi da kore da shunayya gwargwadon yadda haske ya faɗa mata. Mutanen Maori, waɗanda su ne 'yan asalin ƙasar, sun daɗe suna sanya ta a matsayin idanun sassaƙe-sassaƙensu na katako. Maƙerin fari a ƙauyukan Ringim ko Ɗambatta da aka kawo wa gutsurenta zai iya yin abin wuya ko 'yan kunne da ita, muddin ya kiyaye ƙa'ida guda: a gama duk aikin wuta da na tsami kafin katantanwar ta kusanci azurfa.

Da farko a zaɓi siffa. Wadda ta fi shahara ita ce koru, wato naɗin da sabon ganyen wani tsiro na can yake yi kafin ya buɗe, kuma Maori suna ɗaukarsa alamar sabuwar rayuwa. Akwai kuma hei matau mai kama da ƙugiyar kamun kifi. Ga mai koyo, koru ya fi sauƙi, domin da wayar azurfa da awartaki ake lanƙwasa shi.

Azurfar da ta dace ita ce mai lamba 925, wadda kashi 92.5 cikin ɗari nata azurfa ne, sauran kuwa yawanci jan ƙarfe. A buga ta a kan uwar maƙera har ta yi faɗi, a yanke gindin da katantanwar za ta zauna a kai, sannan a kewaye shi da siririn baki wanda tsayinsa ya ɗara kaurin katantanwar kaɗan. A liƙa bakin da naɗin koru da 'yar kafar da sarƙa za ta ratsa a jikin gindin da wuta, a jiƙa aikin a ruwan lemon tsami da alif don baƙin wuta ya fita, a ɗauraye, a goge.

Yankan katantanwar shi ne inda ake yawan asara. Tana da gautsi, kuma ƙurarta na cutar da huhu, saboda haka a riƙa jiƙa ta da ruwa yayin da ake yanka ta da ƙaramin zarto, ana daidaita gefenta da magagari da sanfefa mai laushi, hanci da baki a rufe. Gara a rage ta sannu a hankali ana gwadawa, domin abin da aka cire ba ya dawowa. Idan ta zauna daram a gurbinta, sai a kwantar da bakin azurfar a kanta da ƙarfe mai santsi, ana danna wannan gefe sannan kishiyarsa. Kada a yi amfani da guduma, bugu ɗaya ya isa ya tsaga ta.

Wajibi ne maƙeri ya yi wa mai saye bayani, musamman uwar amarya da ta saba wanke awarwaro da tsamiya ko toka. Tsami yana cin katantanwa kamar yadda yake cin alli, toka kuma tana kashe ƙyallinta. Tsumma mai laushi da ɗan ruwan sabulu sun wadatar. A shafa humra da mai su bushe kafin a saka, a cire kafin wanka ko aikin murhu, sannan a ajiye a cikin ƙyalle daban da sauran sarƙoƙi don kada su karce ta.