Yadda za ka kai iyalinka su ga Abuja ba tare da wahala ta cinye tafiyar ba

Duk magidancin da ya tambaye ni yadda zai kai iyalinsa Abuja su buɗe ido, ba na fara lissafa masa wuraren kallo. Tambayarsa nake yi: ina za ku kwana, kuma da me za ku riƙa zirga-zirga? Waɗannan biyun su ne tafiyar. Abuja ba irin Zariyarmu ba ce, inda za ka fito daga Tudun Wada ka tare ɗan acaɓa, kafin ka ankara kana ƙofar fadar Sarki. Gari ne da aka zana a takarda kafin a sa tubali, titunansa faɗi gare su, wurarensa nesa da juna. An hana acaɓa shiga tsakiyar birnin tun 2006, Keke Napep ma ba ko'ina yake shiga ba. Wanda ya zo da yara da mai goyo da tsohuwa bai tanadi abin hawa ba, a bakin titi rana za ta ƙare masa.

Ni malamin makaranta ne, da albashi nake tsara tafiyata, kuma ina da yaƙinin cewa 'ya'yanmu suna da haƙƙin ganin babban birnin ƙasarsu da idonsu. Bai kamata ganin Abuja ya zama na 'ya'yan masu hali kaɗai ba. Yaron da ya tsaya ya kalli ginin Majalisar Tarayya, aka ce masa a nan wakilin mazaɓarsu yake zama, ba zai ƙara ɗaukar gwamnati a matsayin wani abu na cikin talabijin ba.

Ka fara da zaɓen ranaku. Yawancin ma'aikatan Abuja ba a cikinta suke kwana ba. Daga Mararaba da Nyanya da Kubwa da Lugbe da Suleja suke kwararowa da safe, su koma da yamma, shi ya sa daga Litinin zuwa Juma'a hanyoyin shiga birnin suke cushewa, musamman ta wajen Nyanya. Asabar da Lahadi kuwa gari yakan yi sakayau. Tsarin da na fi so shi ne a isa ranar Alhamis da la'asar, a yi Juma'a a Masallacin Ƙasa, Asabar ta zama ta yara, Lahadi a kamo hanya. Dangane da yanayi, ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ya fi daɗi: ruwa ya ɗauke, duwatsu na nan kore shar, hazo bai sauko ba. Dogon hutun Agusta yana faɗowa tsakiyar damina, ruwan Abuja kuma ya fi namu yawa, don haka in a lokacin za ku je ku riƙa fita da sassafe. Maris da Afrilu zafi ne mai gumi, ban ba mai ƙananan yara shawara ba. A guji 1 ga Oktoba da 12 ga Yuni, domin akan rufe hanyoyin da ke kewaye da dandalin Eagle saboda bukukuwan gwamnati.

Sai hanya. Mu 'yan Zariya da Kano da Katsina zaɓi biyu ne a gabanmu. Akwai jirgin ƙasa da ya fara aiki a 2016, daga tashar Rigasa a Kaduna zuwa Idu, yana tsayawa a Kubwa. Ga yaron da bai taɓa hawa jirgi ba, wannan kaɗai rabin yawon ne: akwai sanyi, akwai banɗaki, ga taga yana kallon ƙauyuka suna wucewa. Tun bayan harin da aka kai wa jirgin a Maris na 2022 aka ƙara tsaurara sayar da tikiti, sai da lambar NIN, saboda haka kowane babba ya riƙe tasa. Ka sayi tikiti ta intanet tun da wuri, ka kuma tabbatar da lokacin tashi ana gobe tafiya, domin jadawalin yana sauyawa. In masaukinku a Kubwa ko Gwarinpa yake, ku sauka a Kubwa. In cikin gari ne, sai Idu, amma ka sani tashar Idu a gefen gari take, ka sa wanda zai ɗauke ku ya riga jirgin isowa.

In da motarka za ka, ka tashi bayan sallar asuba, kuma kada ka yarda dare ya same ka tsakanin Kaduna da Abuja, ko zuwa ko dawowa. Ka kai motar wajen bakanike tun mako guda kafin tafiya. Ka duba takardunka ɗaya bayan ɗaya, lasisin tuƙi da inshora da takardar mota, ka tabbata ba wadda ta mutu, ga tukunyar kashe gobara da safaya mai iska. Jami'an kiyaye haɗurra na Abuja ba sa ɗaga ƙafa, kuma ba abin da ke sanyaya jikin yara kamar su zauna cikin mota suna kallon babansu yana ba da haƙuri a gefen titi. Kowa ya ɗaura bel, kuma kada a ajiye mota inda ba a ga wasu sun ajiye ba.

Masauki shi ne inda kuɗi ya fi tafiya. In kana da ɗan'uwa a can, madalla, amma ka sanar da shi tun makonni kafin zuwa, ka faɗa masa ku nawa ne da kwana nawa za ku yi, uwargida kuma ta haɗa wa matar gidan tsaraba ta kirki, su daddawa da kuka da man shanu da yaji. Gidajen ma'aikata a Abuja ƙanana ne, zuwan mutum bakwai ba ƙaramin nauyi ba ne. Sannan ka auna nisa. Gidan kawu a Mararaba kyauta ne, amma abin da za ka kashe a kuɗin mota da sa'o'in da za ku ɓata a cunkoso na iya fin kuɗin ɗaki. In otal ne, Maitama da Asokoro na manya ne. Ka nemi Wuse ko Garki ko Utako ko Jabi, in aljihu bai kai ba ka koma Gwarinpa ko Kubwa. Ga mai iyali, na fi son irin gidajen nan da ake bayarwa haya na kwana biyu ko uku, masu falo da kicin, domin uwargida ta dafa wa yara abin da suka saba ci. Kafin ka biya, ka tambayi lokacin da ake kunna janareta da lokacin da ake kashewa, ka tambaya ko akwai mashaya ko gidan rawa a harabar, kuma kada ka tura wa kowa cikakken kuɗi kafin idonka ya ga ɗakin.

Wanda bai zo da mota ba, ya yi shatar mota ɗaya ta wuni, ta hannun wanda ya sani, a yi ciniki a gama tun daren jiya har da kuɗin mai. In ba haka ba, ga Bolt da Uber da inDrive a waya. Abin da nake roƙonka shi ne kada ka tsaya bakin titi da iyali ka shiga kowace mota da ta tsaya tana kiran fasinja, musamman bayan magariba. A irin waɗannan motocin 'yan wan-cans suke yi wa mutane fashi. In dole sai motar haya, a shiga tasha a hau.

Yanzu ga kallo. Ƙa'idata ita ce wuri biyu a wuni, ɗaya da safe ɗaya da yamma, a koma masauki a huta tsakani. Fiye da haka, ƙaramin yaro zai fara kuka, Hajiya ta fara ciwon ƙafa, kai kuma ka fara faɗa.

Safiyar Juma'a a zaga tsakiyar birni cikin mota, a hankali. Ga dandalin Eagle, inda ake rantsar da shugaban ƙasa. Ga Majalisar Tarayya da koriyar ƙubbarta, ga Kotun Ƙoli, ga Dutsen Aso tsaye a bayansu, fadar shugaban ƙasa na gindinsa. A nan a ja wa yara kunne su ajiye waya: ba a ɗaukar hoto kusa da fada ko inda sojoji ke tsaye. Shiga zauren majalisa kuwa ba a yin sa da ka, sai an rubuta takarda tun kafin a zo, kuma daga Talata zuwa Alhamis suke zama. Ni abin da nake yi, ina tanadar takardun kuɗi uku a aljihu. Naira dubu, a juya bayanta, ga ginin Babban Bankin Nijeriya, sai yaro ya ɗaga kai ya gan shi a zahiri. Naira ashirin, ga Janar Murtala Muhammad, wanda gwamnatinsa ta yanke shawarar ɗauke babban birni daga Legas a Fabrairun 1976, kwanaki kaɗan kafin a kashe shi. Ba a tare ba sai 12 ga Disamba, 1991, zamanin Janar Babangida. Ta ukun, tsohuwar naira ɗari, a ajiye ta sai ranar komawa. A sa yara su riƙa karanta allunan tituna da ƙarfi, Ahmadu Bello, Shehu Shagari, Herbert Macaulay, Aminu Kano, a tambaye su ko wane ne. Darasin tarihi ne da ba su san ana yi musu ba.

Ku isa Masallacin Ƙasa tun kafin ƙarfe goma sha biyu, domin in lokaci ya matso ana tare hanyoyin da ke kewaye da shi, wurin ajiye mota ya yi wuya. An gina shi a 1984, ƙubbarsa ruwan zinare, hasumiya huɗu. Kowa ya riƙe leda ta zuba takalmi. Mata suna da ɓangarensu, saboda haka kafin a rabu a tsayar da wuri ɗaya takamaimai da za a haɗu bayan sallama, don a cikin wannan taron kiran waya ba ya shiga da sauƙi. Bayan an idar, harabar takan koma kasuwa, masu turare da huluna da dabino da littattafai. In kun fito, ka nuna wa yara Cocin Ƙasa da ke can gaba kaɗan, ana hango ɗaya daga ɗaya. Ka gaya musu da gangan aka yi hakan, birnin na kowa ne.

Asabar da safe, kafin rana ta yi zafi, sai gidan namun daji da filin wasan yara na Asokoro. Akwai jimina da birai da kadoji, amma abin da ya fi burge ni a wurin shi ne yadda Dutsen Aso yake tsaye a kanka, kusa sosai. Da la'asar a ɗauki tabarma da kular abinci a tafi Millennium Park a Maitama, wanda Sarauniya Elizabeth ta biyu ta buɗe a Disambar 2003. Kyauta ake shiga, fili ne mai ciyawa da inuwa, yara su yi ta gudu, manya su miƙe ƙafa. Wanda yaransa suka tasa zai iya musanya shi da tafkin Jabi, inda ake hawa kwalekwale. In mai jirgi ba shi da rigar kariya daidai jikin yaro, kada yaron ya hau, ko da zai yi kuka har gida. Akwai kuma wurin lilo na Magicland kusa da babban filin wasa na Moshood Abiola, sai dai kowane lilo da kuɗinsa, ka faɗa wa kowa adadin da zai hau tun daga ƙofa. Kafin a koma masauki a biya ta Area 1 a sayi kilishin tsaraba, a ɗanɗana kafin a auna.

Abinci a Abuja da tsada. Ku taho da dambun nama da cincin da garin kunu daga gida, da katan na ruwa a bayan mota. Ka riƙe canji a hannu don ƙananan biye-biye, kada ka dogara da tiransifa kaɗai. Kowane ƙaramin yaro a rubuta sunansa da lambar wayarka a takarda a sa masa a aljihu, maganin hawan jini ko na sukari na tsofaffi kuma ya zauna a jakar hannu, ba cikin akwati ba.

Wani abu da nake ganin wajibi ne a faɗa wa yara: kafin a zo da katafila, akwai mutane a nan. Gbagyi, waɗanda muke kira Gwari, da wasu ƙabilun, gonakinsu ne aka mayar unguwanni, da yawansu aka tashe su. In kuna da ƙarin wuni, ku je Ushafa ta hanyar Bwari, ƙauyen masu ginin tukwane da Bill Clinton ya ziyarta a 2000, kusa da madatsar ruwa ta Usuma wadda birnin ke sha daga gare ta. A sayi tukunya ko tulu daga hannun matan da suka gina, a biya su da daraja.

Ranar Lahadi, ga masu mota, ku fito da wuri ta Zuba. Da kun doshi Madalla za ku ga Dutsen Zuma ya tare gabanku, sai a fito da tsohuwar naira ɗarin nan a gwada da hoton dutsen da ke bayanta. A samu wuri mai faɗi a sauka daga kan titi sosai kafin a buɗe ƙofa, manyan motoci gudu suke a wurin. A bar yara su nemo fuskar mutum da ake cewa tana jikin dutsen. Daga nan Suleja ba nisa, kuma ɗan Zazzau bai kamata ya wuce ta ba. Nan ce asalin Abuja. Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya lokacin jihadi ya yo kudu, ƙaninsa Abu Ja ya kafa garin a 1828. Da aka zo gina sabon babban birni sai garin ya bar masa sunan, ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau, kuma har yau sarautar garin Sarkin Zazzau ce. A nan kuma Ladi Kwali ta yi aikinta a cibiyar koyon ginin tukwane, ita ce matar da ke bayan naira ashirin tana gina tukunya. Ku leƙa ƙofar fada, ku yi azahar da wuri, ku kama hanya yadda za ku wuce Kaduna da sauran rana.